Na ce doguwa gare ni

Assalamu alaikum. Ku sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe.

Shekara shida ina sakatariya a biron wata ƙungiyar agaji a Dogon Dutsi. Da aka rufe biron na dawo gida na zauna, jikina kuma ya juya mini baya. Mura ta tafi, maruru su fito, su warke, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ni da ko ciwon kai ban sani ba! Likita ya auna komai, har sida, wato ƙanjamau, bai ga komai ba. Ya ce damuwa da rashin barci da rashin cin abinci ne suka raunana garkuwar jikina, in nemi abin yi.

Na dawo da murnata na faɗa wa ƙanwar mijina. Ta zaro ido ta ce, "Garkuwar jiki? Wadda aka hwaɗi ga radiyo?" Ta ɗauka sida gare ni. Kafin la'asar an ware mini kofi, an hana yara cin ragowata. Na nuna takardar awo, wa ya duba? Mijina, ɗan kasuwa mai wa'azi, wanda ya yi hamdala ranar da aka sallame ni daga aiki, cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, jarrabawa ta."

To ga laifina. Da goggona ta zo daga Kore Mairuwa duba ni, sai na faɗi a gabanta, na sanƙame, na yi ta surutai da wata murya. Ƙarya ce tsagwaronta. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Na sani! Doguwa, aljanar kakarki ta, ɗiyata lahiya lau take." A ranar kofina ya koma cikin na mutane. Na ji kunya? Na ji, musamman da tsohuwar nan ta yanka akuyarta guda ɗaya tilo saboda ni. Amma nadama? Ban yi ba. Na faɗi gaskiya an guje ni, na yi ƙarya an kawo mini fura. Ku ce mini wa ya koya mini?

Yanzu ƙaryar ta fi ƙarfina. Goggo ta shirya kai ni Lugu ranar Lahadi a yi mini girka wurin 'yan bori. Mijina ya rantse in na taka can, shirka ce, in wuce gidanmu. Na ce masa to ya bar ni in nemi aiki, maganin da likita ya faɗa ke nan. Ya ce, "Macce mai iskoki wa za ya ɗauka?"

In na tona kaina, na kunyata Goggo, a sake ware mini kofi. In na yi shiru, aurena ya mutu saboda doguwar da ni na ƙirƙiro ta. Zaman ɗakin nan kuwa na gama shi, ko da izini ko babu.

Yau Alhamis. Me zan yi?