Tsakuwar Sani a Bakin Ƙofa

Laraba da dare, damina, 1978

Yau ma ban je Maje ba. Sau biyu ke nan ana aiko mini daga can cewa jikin Inna, mahaifiyata, ya yi tsanani, tana ta cigiyata.

Cikin 'ya'yana tara, uku ba sa magana, ba sa kallon idon mutum: Sani da tagwaye. Surukata ta ce iskokai ne. An ba su rubutu, an yi hayaƙi, har na gaji.

Da hantsi na yafa mayafi, babbar 'yata Ladi ta ce, "Iya, ki tafi, zan riƙe su." Sai na tarar Sani ya jera tsakuwarsa a bakin ƙofa kamar kullum. Ranar da aka share masa ita, sai da ya fasa goshinsa a bango. Yana ganin mayafin ya fara gunjin nan nasa, tagwaye suka toshe kunnuwa suka ɗauka.

Maigida ya ce, "Ki bari sai gobe." Kullum gobe!

Ki yafe mini, Inna. 'Yar tsakuwa ce kawai. Wallahi na ɗaga ƙafa, na kasa tsallakewa.