Gobe Za a Raba Kuɗin Talabijin

Lahadi da dare, Rikoto

Barci ya ƙi zuwa. Bayan mun dawo daga coci maigidana Ishaya ya kira ni a waya, tun daga gaisuwa na ji muryarsa ba daidai ba. Ya ce gobe shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo za su zauna kan rabon kuɗin da gidan talabijin ke biya. Manyan ƙungiyoyi sun dage sai an ba su kaso mafi tsoka, wai su ake kallo. Ƙanana irin tasu suna so a raba daidai.

Na ce, "To ina ruwanka? Kai dai aikinka tsaron raga."

Ya ce, "Saratu, in manya suka yi rinjaye, za a rage 'yan wasa. Cikin masu tsaron ragarmu ni ne na fi shekaru."

Ga cikina ya tsufa. Abin da ke cina shi ne, sau ɗaya aka taɓa nuna wasansu, kuma ranar gidan kallo ya cika har bai ɗauki mutane ba. Yaya za a kalle su in ba a nuna su?

Surukina, baban Ishaya, yana tsakar gida, duk ya ji. Dama bai taɓa son ƙwallon nan ba. Ya ce, "Ki gaya masa gona tana nan, ba ta taɓa korar kowa ba." Ban gaya masa ba.

Amma ɗazu da na fito ɗiban ruwa, na tarar da Baba zaune cikin duhu, rediyo a kunne, yana ta laluben tashar da ke ba da labarin wasanni.