Kabewar Inna a Bronx

Ƙanwata Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Na ji ƙwari sun cinye irin kabewar marigayiya Inna. Sannu, amma share hawayenki, na shuka ragowar irin da ke wurina a lambun unguwarmu ta Bronx, nan ƙasar waje.

Maƙwabta sun cika lambun da furen kanti, manyan ƙudan zuman nan masu gashi sai su sunsuna su wuce, ba garin fure na kirki a ciki. Aka ce in tuge wata ciyawa mai fure da na bari a wurina, na ce atafau, ita suke ci. Ga su sun yi ɓul-ɓul, sun bi kan furen kabewar suna barbaɗa masa garin fure, ta yi 'ya'ya biyu.

Ki yi addu'a su ƙosa kafin sanyi, in aiko miki iri. Gai da Malam.

Yayanki,
Ɗanladi