Na bari ana zargin wainar matar maƙwabcina

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara jifana a daure a karanta har ƙarshe, ni ma na san ban kyauta ba.

Ni magidanci ne a wani gari kusa da Dangora, noma nake yi. A unguwarmu kullum bayan magariba muna ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗu a ci, kuma an san ni, ba na yi wa akushi da wasa. Kwanon da na fi so shi ne na maƙwabcina, bari in kira shi Malam Sani. Matarsa mai waina ce, da sana'ar suke rufa wa kansu asiri, kuma saboda ni take ware masu zafi ta zuba musu man shanu. Bayan girbin bara jiri da yawan fitsari suka kai ni asibiti, likita ya ce ciwon suga ne, in rage tuwo, in bar waina da kayan zaƙi, in riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ban faɗa wa kowa ba sai matata, ita ma sai da na sa ta yi min alkawarin yin shiru. Ni ne fa mai tsokanar wani malamin makaranta da ke gudun motsa jiki da sassafe, ina ce masa, "Malam, wa ya biyo ka?" Da wane bakin zan ce yau ni aka biyo?

Sai na ce babur ɗina ya lalace, na fara zuwa gona a ƙasa bayan asuba. A wurin ciyayya in yi loma biyu in tsame hannu, wainar kuwa ko kallonta ba na yi, don na san in na taɓa ɗaya sai na ga ƙarshen kwanon. Kuma abin ya karɓe ni. Jirin ya tafi, ina zaman tahiya gwiwa ba ta damuna, tela ya rage min riguna biyu, gonar da da nake isa ina haki yanzu har waƙa nake yi a hanya.

Amma kun san mutanenmu, in mai ƙiba ya rame ba a cewa lafiya ce. Yayata ta zo daga Tudun Wada, ta ƙare min kallo ta ce, "Wannan ramar ba ta Allah da Annabi ba ce. Abincin wa ka daina ci?" Na ce, "Wainar gidan Malam Sani kawai na bari, Yaya, kuma tun da na bari na ji sauƙi." Ta gyaɗa kai ta ce, "Na gane." Na ga abin da ta gane, kalma ɗaya ta isa in gyara, amma na ja bakina na yi shiru. Mako bai zagayo ba magana ta cika gari, wai an sa min abu a waina. Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya, Malam Sani ya daina fitowa da kwanonsa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ji daɗi, don babu mai sake ce min "ci mana", babu ƙamshin man shanu a gabana, tsarina ya tafi daidai.

Yanzu ni ne na koma zargin kowa. In matata ta daɗe a maƙwabta sai in ce ta faɗi sirrina. Ma'aikacin asibitin da ke gwada min jini na gan shi suna gaisawa da Malam Sani a kasuwa, me suka tattauna har da dariya? Shekaranjiya kuma ina hanyar gona Malam Sani ya cim mini a kan keke, ya sauka yana turawa, muka jera. Ya ce, "Har yanzu babur ɗin bai gyaru ba?" Na ce da saura. Muka ɗan taɓa tafiya, sai ya ce, "Mahaifina ma haka likita ya sa shi yawo a ƙasa." Na kasa haɗa ido da shi. Da zai hau kekensa ya ce, "Uwar yara ta kife tanda tun ranar Juma'a. Ta ce in na gan ka in tambaye ka ya jiki."

Ya sani ne yake jira in yi magana da bakina, ko gwada ni yake yi? In na tashi a wurin ciyayya na faɗi gaskiya, na kunyata Yaya, na zama abin dariya, wainar kuma ta dawo gabana, ni kuwa ban yarda da hannuna ba. In na yi shiru, lafiyata na ƙaruwa, matar da ke ware min masu zafi kuma ana nuna ta a matsayin mai sammu, kuma har yau jikina take tambaya.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?