Kafin a Rufe Hanyar Conguillío

Antofagasta, 2 ga Maris, 1994

Ƙanena Baldomero,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Herminia da yara. Mu nan lafiya lau.

Zan zo ƙarshen Afrilu. Ina so ka kai ni gandun dajin Conguillío, mu hau dutsen Sierra Nevada da ƙafa har inda ake hango tafki. Ka tuna Baba ya kai ku can ku uku, ni ya bar ni gida ina tsaron tukunya, wai hawan dutse ba na mata ba ne. Shekara hamsin kuna ba ni labarin wurin. Na gaji da labari.

Ka tambayo mini ranar da ake rufe hanyar mota saboda ƙanƙara. Rana nake so ka faɗa mini, ba "sai yadda hali ya yi" ba. Har na sayi takalmi.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Eliana

Melipeuco, 13 ga Maris

Yaya Eliana,

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Herminia, ta yi dariya har shayin mate da take sha ya sarƙe ta.

Shekara talatin kina ba yaran makaranta umarni, yanzu kin yi ritaya kin juyo kan ƙanƙara. To ita ba ta da rana, Yaya. Ran da ta zuba, ma'aikatan gandu su saka shinge, shi ke nan sai Nuwamba. Wata shekara a Mayu, wata shekara tun Afrilu.

Me ya yi zafi? Ki bari sai Janairu, rana ta buɗe, hanya ta bushe. A Afrilu ina haƙar dankali, ga tsintar 'ya'yan itacen pewen. Kuma shekararki sittin da uku, tudun da kike hawa a garinku bai wuce matakalar coci ba. Dutsen yana nan, ba inda za shi. Takalmin ki riƙa zuwa kasuwa da shi ya saki.

A gaida 'yata Ximena.
Naki, Baldo

Antofagasta, 22 ga Maris

Kawu Baldo,

Ina gaishe ka da Inna Herminia, da fatan kuna lafiya. Mama ba ta san na rubuto ba, don Allah kada ta sani.

Ta karanta wasiƙarka da gilashin ƙara girman rubutu, ta ninke, ta ce, "Gaskiyarsa, yana da aiki." Ta mayar da takalmin cikin kwali. Tun ranar ba ta sake zancen ba.

Kawu, idonta na hagu ya mutu tun bara. Na daman ma gefe-gefensa ya duhunce, kamar mai leƙe ta cikin bututu take gani. Likita ya ce da wuya ya kai ƙarshen shekara. Kullum da safe tana hawa da sauka a benenmu sau ashirin, tana ƙirga matakala a baki. Na ɗauka motsa jiki ne kawai, sai da na ga wasiƙarka na gane.

Ba za ta faɗa maka ba, ka san ta. Ni kuma ba a ba ni hutu a asibiti ba, da na rako ta.

'Yarka, Ximena

Melipeuco, 30 ga Maris

Yaya Eliana,

Bayan gaisuwa. Na sake shawara. Dankalin bana ƙanana ne, su ƙara kwana a ƙasa ba abin da zai same su.

Kada ki jira ƙarshen wata. Maƙwabcinmu, dattijo Painemal, ya ce sanyin bana da wuri zai sauko, kuma bai cika kuskure ba. Ki hau bas ranar takwas, zan tare ki a Temuco. Ganye ya fara ja, ba lokacin da ya fi wannan kyau. Ki zo da safa mai kauri. Herminia za ta soya sopaipilla, fankenmu na nan, mu tafi da ita.

Naki, Baldo

Melipeuco, 15 ga Afrilu

'Yata Ximena,

Ina gaishe ki. Mamanki ta hau bas jiya, lafiyarta ƙalau. Ga yadda aka yi.

Ba mu kai ba. Ranar da ta iso ƙanƙara ta zuba. Washegari muka tarar da shinge a gicciye. Na roƙi ma'aikacin, ya ce ko ya ɗaga mana, motata ba za ta wuce kwanar farko ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya dai yarda mu taka da ƙafa zuwa ƙaramin tafkin da ke ƙasa, mu dawo kafin ƙarfe huɗu.

Awa uku muka yi. Ta faɗi sau biyu, na miƙa hannu ta buge shi. A na uku ta riƙe kafaɗata, ba ta saki ba har muka isa.

Ruwan garai-garai, ana ganin kututtukan itatuwa a ƙarƙashinsa, jan ganye ya kewaye shi, ƙanƙara a kan ganyen. Ta daɗe tana juya kai a hankali, tana ɗaukar wurin kaɗan-kaɗan. Sai ta ce, "Ina dutsen?" Na kama haɓarta na saita mata. Ta ce, "Ashe ba shi da tsayin da kuke faɗa. Maƙaryata."

Muna cin sopaipilla ta ce, "Ximena ce ta faɗa maka." Na ce ban san zancen ba. Ta ce, "Baldo, tunda aka haife ka ba ka taɓa barin dankali a ƙasa don wani ba." Sai na fara kuka. Ta ce in daina kuka, majina na daskarewa a gashin bakina.

Da na amince tun wasiƙar farko na ce ta taho a Maris, da mun hau. Abin yana cina.

Kawunki, Baldo

Antofagasta, 20 ga Oktoba

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ni ke faɗa, Ximena ke rubutawa.

Ta karanta mini abin da ka aiko mata. Ka daina zargin kanka. Ni ce ban faɗa maka gaskiya ba, kuma abin da na gani ya ishe ni, ina kallonsa kullum.

Idon ya tafi a Agusta. Ka sanar da ni in an ɗaga shinge. Yanzu ba na sauri, ko Janairun ma ya yi. Kai za ka shiga gaba in riƙe kafaɗarka. In mun kai sama ka faɗa mini abin da ke wurin, amma ban da ƙari.

Yayarka, Eliana