Aljihunan Wandon Dogo

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa. Babanka lafiya, sai gwiwar nan tasa. Ƙanwarka ta warke daga mura. Ni ma ƙalau nake, tunani ne kawai.

Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkacewar layi, don maganar ba ta waya ba ce. Matarka ta sanar da ni likita ya ce jinkirin haihuwarku daga wajenka yake. Na ji a rediyo ana cewa waya da ƙarfen sabis suna iya jawo hakan, ga shi kullum kana samansa kana gyara, waya biyu a aljihu. Sun ce lemo, karas da tumatir suna kare jiki. Ga kwando nan. Wandunan da ka bar mini gyara kuma, na ɗinke aljihunan gaba.

Allah ya yi maka albarka.
Ummanka

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na je zura hannu a aljihu a gaban shugabanmu, hannu ya ƙi shiga! Abokan aiki har da riƙe ciki.

Na nuna wa likita wasiƙarki. Ya ce masana ba su gama bincike ba, amma shawararki ba ta cutarwa, ya ƙara mini da ƙwayar bitamin. Waya ta koma jaka. Karas kuwa, surukarki ta tsare ni da shi har ana kirana Zomo.

Ɗanki

Umma,

Kin ji ni shiru wata da watanni, aiki ne. Gwajin da likita ya sake yi mini ya yi kyau, alhamdulillahi. Sai dai surukarki ba ta jin daɗi: barci ba dare ba rana, amai da safe, ko turarena ba ta so. Zazzaɓi ne, zan sayo mata magani.

Ɗanki

Dogo,

Duk muna lafiya. Kai, duk karatun nan naka! Kada ka kuskura ka ba ta ko ƙwaya ɗaya. Ka kai ta asibiti gobe, ka ce awo za a yi mata. Tun ɗazu babanka yake tambayata me nake wa dariya, na ce babu komai.

Ka ba ni amsa kafin Laraba. In ban ji ba, Alhamis ka tare ni a tasha.

Ummanka