Dutsen Teku a Makewayin Hajiya

Maraɗi, Litinin

Zuwa ga uwargidana Hajiya Tahira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mutanen Jiratawa kuna lafiya. Bayan haka, kin tuna baƙin dutsen da na bari ƙarƙashin gadonki, naɗe cikin tsumma? Wanda na tono a duwatsun Tawa. Dodon koɗi ne na teku, ya daskare cikin laka tun zamanin da ruwa ya rufe wajen. Alhamis zan tsaya gaban malaman jami'a in kare binciken da na yi a kansa. In babu shi, shekarata ta tafi a banza. Ki ba da shi ga ɗan kabu-kabun da ya kawo takardar nan.

Jikanki kuma angonki,
Rabi'u

Jiratawa, Talata

Rabi'u, mijin da ba cefane,

Ina amsawa, lahiya lau muke. Teku a Tawa? Ni da na tahi biki can, ruwan alwala ma sai da aka yi mani awo! Dutse dai na gan shi. Ban san na karatu ba ne, na ga yana da kaushi na kai shi makewayi. Wata ukku ina gurzar duddugena da shi, har Mansura maƙwabciyata tana aro. Gehe guda ya yi sulɓi. Ga shi nan, ka yi haƙuri. In ka hwaɗi ka dawo gona, albasa ba ta jarrabawa.

Allah shi yi maka albarka,
Kakarka

Maraɗi, Juma'a

Hajiyata,

Ina gaisuwa. Da na kwance tsumman, wallahi sai da na yi hawaye. Haka na kai shi gaban malaman jiya.

Babban malamin ya juya shi, ya ƙura masa ido. Ashe gurzar ta cinye lakar sama, wani zane kamar ganyen zogale ya fito. Da zanen ake gane irin halittar, abin da ya gagare ni wata shida! Malamin ya tambaye ni injin da na goge shi da shi. Na ce yana Jiratawa, shekararsa saba'in.

Na ci, Hajiya. Har da yabo.

Naki har abada,
Rabi'u

Jiratawa, Asabar

Angona,

Alhamdu lillahi, na yi guɗa har Mansura ta leƙo. Ka gaida malamin, ka ce in yana da wasu ya aiko. Ƙahwar hagu ba ta gama ba.

Ka huta lahiya,
Tahira